Sanyin Kafancan da Barcin Jariri: Kafin a Ɗaure Saƙon Gida

Da zarar watan Disamba ya kama, wanda duk ya leƙa wuraren da motocin Arewa ke lodi a Ikko, ko Agege ce, ko Idi-Araba, ko Mil 12, zai tarar da jakunkuna jibge ana rubuta musu suna. Haka abin yake a Sabo ta Badun da ta Shagamu, haka a Fatakwal da Anaca. Waɗansu masu kayan da kansu za su tafi, su yi Kirsimeti da sabuwar shekara a gida, su kalli bikin Afan da ake yi a Kagoro ran 1 ga Janairu. Waɗansu kuwa aiki bai sake su ba, sai dai su damƙa wa direba saƙo ya kai wa maiɗakinsu da ta tafi wankan gida Kafancan, ko Zonkwa, ko Kwoi. A cikin irin waɗannan jakunkuna da wuya a rasa ƙunshi guda na kayan jariri, watau hular sanyi, da safa, da shawul, da rigar saƙa, yanzu kuma har da wani abu da ya shigo kasuwa a 'yan shekarun nan wanda ake kira buhun barci.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mai sayen kayan nan yana tsaye ne a tsakiyar Balogun ko Katangowa, gumi na tsiyaya a gadon bayansa, yana ƙoƙarin auna sanyin da rabonsa da jinsa shekara guda ke nan ko fiye. Wani sai ya raina sanyin ya sayo 'yan riguna shara-shara irin na Kurmi. Wani kuma, shi ne ma ya fi yawa, sai tsoro ya kama shi ya kwaso duk abin da ya ga yana da kauri, har da bargon da babban mutum zai ji nauyinsa. Dukansu biyu da kyakkyawar niyya suka yi, amma jaririn da ke can gida bai san niyya ba, abin da aka sa masa kaɗai jikinsa ya sani.

SANYIN ASUBA

Zirga-zirga tsakanin Kafancan da Kurmi ba yau ta fara ba. Hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta biyo ta Aba da Inugu da Makurɗi ita ce ta mai da garin mahaɗa a wajen 1927, inda reshe guda ya nufi Kaduna, guda ya haura Jos. A zamanin da jirgin ke tashe, matafiyi kan bar Fatakwal da 'yar shara, amma in dare ya riske shi bayan ya ƙetare gadar Binuwai sai ya fara lalubar mayafi. Jirgin fasinja ya daɗe da daina wannan sintiri, motoci sun gaje shi, amma sanyin yana nan inda aka bar shi.

Dalili kuwa a fili yake. Ikko tana bakin teku ne, iskarta cike da laima, dare da rana ba su da wani bambancin kirki, ko a Disamba da wuya zafin dare ya sauka ƙasa da digiri 22 ko 23. Kafancan kuwa tana bisa tudu mai tsawon mita 700 da ɗoriya daga fuskar teku, a gindin tsaunukan da suka haɗe da na Jos, ga kuma dutsen Kagoro tsaye a kanta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busowa daga Sahara, iska ta bushe ƙarau, shi ne lokacin da manoman Kwoi da Kaciya ke baza cittarsu ta sha iska. Da rana zafi kan wuce digiri 30, amma da yake babu gajimare babu laimar da za ta riƙe ɗumi, rana na faɗuwa sai ƙasa ta fara hucewa, kafin asuba a waɗansu darare ma'auni ya sauka zuwa 15 ko ƙasa da haka. Ƙauyukan da ke saman duwatsu da na wajen Mancok sun fi cikin gari ɗanɗana kuɗarsu.

Ɗakunan dā na ƙasa masu rufin ciyawa sun san maganin wannan, gama bangon ƙasa yana shan zafin rana ya riƙa sakinsa a hankali har gari ya waye. Ɗakin bulo mai rufin kwano, musamman wanda ba a yi wa silin ba, shi ba ruwansa. Ƙarfe takwas na dare yana nan kamar tanda, ƙarfe huɗu na asuba ya koma kamar randa. Watau matsalar uwa a Kafancan ba sanyi ba ne kurum, a'a, dare guda ne mai fuska biyu. In ta shirya yaro don zafin farkon dare, asuba ta kama shi. In ta shirya shi don sanyin asuba, ya kwana yana jiƙewa da gumi, gumin kuma ya huce a jikinsa daidai lokacin da sanyin ya sauko.

Jariri ba ƙaramin babba ba ne. Fatarsa tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa, kansa babba ne, kitsen jikinsa kaɗan ne, sa'an nan sabon haihuwa ba ya iya makyarkyata don ya ɗumama kansa yadda manya ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5. In ya yi ƙasa, sai yaro ya riƙa ƙona abincin da ya kamata ya gina jikinsa, ya yi laƙwas, ya rage kama nono. Wannan kowace kaka ta san shi, shi ya sa ba a yi mata gardama in ta ce a ƙara zane. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya gefen: yaron da aka tula wa kaya ba shi da hannun da zai yaye, ba shi da bakin da zai ce zafi. Ƙurajen zafi su ne mafi sauƙin abin da ke biyo baya. Mafi muni shi ne mayafi ya zame ya rufe masa fuska tsakar dare, kowa na barci.

YADDA BUHUN YA SAMO ASALI

Turawa sun sha wannan baƙin ciki kafin su gane bakin zaren. A Ingila da Wales, a 1988 kaɗai, jarirai fiye da 1,500 aka kwantar lafiya lau aka wayi gari babu rai, ba tare da an ga wata cuta ba. A ƙasar Holan wani likitan yara mai suna Guus de Jonge ya fito a 1987 ya gargaɗi iyaye su daina kwantar da jarirai rub da ciki. Ingila ta bi sahu da gagarumin yaƙin wayar da kai a 1991, Amurka a 1994, aka ce a kwantar da yaro rigingine, kada a rufe masa kai, kada a bar shi ya yi zafi fiye da kima. Cikin shekaru kaɗan mace-macen suka ragu da fiye da rabi.

Mutanen Holan ɗin nan dā ma suna da al'adar sa wa yaro wata riga marar hannu, wadda aka ɗinke ƙasanta kamar buhu, a zuge ta da zif. Binciken da likitocinsu suka buga a 1998 ya nuna yaran da ke kwana cikinta sun fi tsira daga irin wannan mutuwa ta fuju'a. Hikimar ba wata mai zurfi ba ce. Bargo ne wanda aka rataya a kafaɗa, saboda haka yaro ba ya iya shure shi ya kwana a buɗe, shi kuma bargon ba ya iya hawowa ya rufe hanci. Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda, buhun da aka yi wancan bincike a kansa na auduga ne. Ashe sirrin yana ga ɗinkin, ba ga tsadar yadin ba. Wanda mai kanti ya ce masa sai na ulu ne kaɗai ke kare yaro, to, ciniki ake yi da shi.

Amma fa ulu na gaskiya yana da abin da ya fi sauran yadi da shi, kuma abin ya dace da daren Kafancan ƙwarai. Gashin tunkiya yana iya shanye laima har wajen kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da an taɓa an ji shi a jiƙe ba. Yaro ya yi gumi da farkon dare, ulu ya tsotse ya sake shi cikin iska sannu a hankali, asuba ta yi ta tarar da fata a bushe. Auduga in ta jiƙe sai ta manne ta yi sanyi. Har wa yau ulu ba ya saurin kama wuta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ɗakin da ake kwana da fitila ko kyandir.

ULU SUNA YA TARA

Sai dai kalmar ulu a kasuwannin Nijeriya ta zama hular kowa. Ƙunshin zaren nan mai launi-launi da mata ke saya su yi saƙa da kwarashi ko a keken saƙa, kowa ulu yake ce masa, alhali mafi yawansa bai taɓa ganin tunkiya ba. Zaren roba ne da ake yi daga sinadaran man fetur. Ba abin mamaki ba ne, domin tumakin ƙasar nan, da Uda da Balami da 'Yankasa, duk masu gashi ne irin na awaki, ba a yi musu sausaya a kaɗa zare. A Afirka ta Yamma sai an je Masina, can ƙasar Mali, kafin a sami tumaki masu ulu, waɗanda masaƙan Fulani ke yin bargunansu masu nauyi da gashinsu. Kakannin Hausawa da gwado da luru na auduga suka yi maganin hunturu. Saboda haka duk wani ulu na gaske da za a gani a Ikko shigo da shi aka yi, mai laushin da ya dace da fatar jariri kuwa shi ne na tumakin da ake kira merino, waɗanda Ostareliya ta fi kowa kiwonsu.

Zaren roba yana da ɗumi, yana da araha, yana jure wanki, ba a raina masa. Aibinsa biyu ne. Ba ya shan gumi, sai ya tsare shi tsakanin riga da fata, sa'an nan in tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake yi ya manne a jiki. Wanda ke son ya rarrabe, gwajin ba wuya. A zare ɗan silin zare daga cikin ɗinki, a fita waje a kusanta masa ashana. Ulu na gaske zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage a murza shi ya zama gari. Na roba zai kama da sauri, ya yi warin leda, ya dunƙule ya bar baƙin ƙullutu mai tauri. Mai gwanjon da ya san kayansa ba zai hana a gwada ba. Bayan wannan sai a goga yadin a wuya ko a cikin hannu, in ya yi wa babba ƙaiƙayi, to, jariri kuka zai kwana yi. Ko mai laushin ma gara a sa wa yaro 'yar rigar auduga daga ciki.

Maganar kuɗi kuwa, sabon buhun merino daga Turai farashinsa kan haura mafi ƙarancin albashin wata, watau Naira 70,000 da aka tsayar a 2024, don rigar da yaro zai sa wata biyu ko uku a shekara, baɗi kuma ta yi masa kaɗan. Mai hali ya saya, ba laifi. Wanda ba shi da hali kada ya ci bashi a kan wannan. A dilar gwanjo, ko a Katangowa da Yaba, ko a Kasuwar Barci ta Kaduna, ana tsintar masu kyau in an yi haƙurin tonawa. In ma ba a samu ba, telan unguwa zai ɗinka da yadin auduga mai taushi ninki biyu, muddin an yi masa bayani sosai.

Bayanin kuwa shi ne ainihin maganar, ko saye za a yi ko ɗinki. Wuyan rigar shi ne rai. In ya yi faɗi har kan yaro zai iya zamewa ya shige ciki, an ɗinka tarko ke nan ba riga ba. A zuge zif, a ɗaga rigar ta kafaɗa, in ta haura har haɓa ko baki ta yi yawa. Yatsa biyu su shiga tsakanin wuya da yadi, shi ke nan. Hammata ma haka, kada ta yi faɗin da yaro zai janye hannu ya koma ciki. Nan ne dabi'ar nan ta sayen kaya da girma don yaro ya tarar da su ke da haɗari. A takalmi da rigar Salla ana iya yin haka, a buhun barci ba a yi. Ƙasan kuwa ya zama da yalwa, yadda yaro zai tanƙwashe ƙafafu ya buɗe cinyoyi kamar kwaɗo, gama matse ƙafafun jariri a miƙe yana iya ɓata masa gaɓar ƙugu. Kada a yarda da mai hula a haɗe, ko mai igiya, ko mai duwatsun ado da maɓallan da za su tsinke su faɗa baki. Kan zif a yi masa 'yar marfi don kada ya kurje haɓa, in an sami mai buɗewa daga ƙasa ya fi, sai a canja nafkin ba tare da an tuɓe yaro cikin sanyi ba. Akwai waɗansu masu nauyi da ake cusa wa ƙwayoyi wai don yaro ya yi barci mai nisa; ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi hani da su a 2022. Na saƙar hannu kuma a duba kada ramukansa su yi faɗi, don ɗan yatsa kan shiga zare ya naɗe shi har ya kumbura.

A jikin na kanti sau da yawa akan ga wata lamba da kalmar tog. Ma'aunin ɗumin yadi ne, wanda wata cibiyar binciken auduga ta Mancesta ta ƙirƙiro a shekarun 1940. Masu yin rigunan kan ce mai 0.5 na ɗaki ne mai zafin digiri 24 zuwa sama, mai 1.0 na 20 zuwa 24, mai 2.5 na 16 zuwa 20. A tuna zafin cikin ɗaki ake nufi, ba na tsakar gida ba. Ɗakin da mutum uku ko huɗu ke kwana, ƙofa da taga a rufe, ya fi waje ɗumi nesa ba kusa ba. Saboda haka ga yawancin gidajen Kafancan matsakaici ya wadatar, in dare ya tsananta a ƙara riga mai dogon hannu daga ciki. Mai 3.5 an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara. Kuma in an sa buhu an gama, ba a ɗora bargo a kai, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Ma'aunin da ya fi kowane lamba shi ne hannun uwa. A zura shi a ƙirjin yaro ko bayan wuyansa. In da ɗumi a bushe, lafiya lau. In da danshi, ko gashi ya jiƙe, a rage. Tafin hannu da na ƙafa ba abin dogara ba ne, na jariri kullum sun fi sauran jiki sanyi, kuma su ne ke ruɗin kakanni su yi ta ƙara zane.

ƘANSHIN AKWATI

Akwai wani abokin tafiyar ulu wanda ya kamata a tsaya a kansa, watau kafur, farin ƙwallon nan da ake jefawa cikin akwati don asu da kyankyasai. Mace mai ciki takan tara kayan jariri wata da watanni, ta zuba kafur ta rufe, ranar haihuwa a buɗe a sa wa yaro, mutane ma har suna jin ƙanshin nan a matsayin alamar tsabta. To, a Nijeriya wajen ɗaya cikin biyar na 'ya'ya maza ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Ba a ganinsa a fuska, yaro lafiyayye ne sarai, amma in ya shaƙi kafur ko ya shiga ta fatarsa, sai ƙwayoyin jininsa su fara fashewa. Abin da ke biyo baya shi ne shawara mai tsanani, ido da jiki su yi ɗorawa, in ba a yi hanzari ba ta taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi har abada. Likitocin asibitin koyarwa na Badun sun rubuta a kan wannan tun 1985, amma har yau ana sai da kafur a kan tire a kowace tasha.

Duk kayan jariri da suka kwana da kafur, ko na gwanjo da ba a san inda suka fito ba, a wanke su fiye da sau ɗaya a shanya su sha iska kwana da kwanaki, in warin ya ƙi fita a haƙura da su. Wankin ulu kuma da ladabinsa. Ruwan zafi da cuɗa irin ta wankin atamfa suna sa shi ya tsuke ya dunƙule, rigar ɗan wata shida ta dawo ta 'yar tsana, wuyan da aka auna ya ɓaci. Ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, sabulu mai sauƙi, a matsa a hankali ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. Iskar hunturu za ta gama sauran aikin. In sanyi ya wuce a adana shi a wanke, a bushe, cikin leda ɗaure.

Sai kaskon wuta. A gidajen Hausawa ɗakin maijego dā ma ɗakin wuta ne, ga ruwan wanka yana tafasa safe da yamma har kwana arba'in, a waɗansu wurare ga gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa wannan zafi haɗe da yawan kunun kanwa yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Wannan na uwa ke nan. Na yaro kuwa, gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda ke sa mutum barci ya zarce, jariri kuma shi ke fara tafiya. Hayaƙin janareta da aka ajiye a baranda ko gindin taga shi ma haka. In za a ɗumama ɗaki, a yi da wuri, a fitar da kaskon, iska ta ɗan ratsa, sa'an nan a kwanta. Amfanin rigar kirki ke nan, tana sa a daina bukatar wuta.

Turawan da suka ƙirƙiro buhun a gadonsa daban yaro ke kwana. A Kafancan kuwa, kamar sauran wurare, yawanci a gefen uwarsa yake, cikin gidan sauro guda, ga sauƙin ba da nono. Likitoci sun fi son a yi masa shimfiɗarsa a kusa da gadon, amma in tare za a kwana, a tuna ɗumin jikin uwa shi ma bargo ne, sai a zaɓi buhu mai sauƙi. A kwantar da shi rigingine a kan katifa mai tauri, ba matashi, bargon manya ya tsaya a kan manya, kada a sa shi tsakanin mutum biyu ko kusa da yayyensa masu juyi. Wanda ke shan taba, ko ya sha maganin da ke sa barci, ko ya taɓa abin sha a wajen biki, kada ya kwana shimfiɗa ɗaya da jariri. Wannan magana ta fi nauyi a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da gida ke cika da baƙi, a rasa wurin kwana, har wata ta ɓingire da yaro a kan kujerar kushin, wurin da ya fi ko'ina haɗari. Hular sanyi kuma ta fita waje ce da goyon safe. Yaron da ya yi ƙwari ba ya bukatarta cikin barci a ɗaki, ta kai yake fitar da zafin da ya yi masa yawa, hular kuma tana iya zamewa ta sauko fuska.

BAKWAINI DA SABON HAIHUWA

Duk abin da aka faɗa a sama na yaron da ya ɗan yi nauyi ne, masu yin buhunan da yawa kan rubuta daga kilo 4. Bakwaini da wanda aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba, hukuncinsu daban, kuma maganinsu ba a kasuwa yake ba. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, da ya ga kwalaben renon jarirai sun yi wa asibitinsa kaɗan, sai ya sa uwaye su ɗaure 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata, daga yaro sai nafkin da hula, a rufa da zane. Goyo ne dai, amma ta gaba. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe biyar, har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, wanda aka buga a 2021, ya nuna fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Uba ma yana iya karɓa in uwa ta gaji, haka kaka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24, a goge yaro kurum a rufe shi. A watan Janairu wankan jariri da hantsi ya fi na asuba, a shirya tawul da kaya a gefe tukuna, a gama a shafa man kaɗanya saboda bushewar fata.

Mijin da ke Ikko, in ya buga waya gida, akwai tambayoyin da suka fi "yaya sanyi" amfani. Yana kama nono sosai? Cikinsa da ɗumi? Numfashinsa fa? Jaririn da bai kai wata biyu ba in yana numfashi sau 60 ko fiye a minti guda, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau ko zafi rau, ko idonsa ya yi ɗorawa, wannan ba na ƙarin riga ba ne, ba na shafa man zafi a hanci ba ne. A ɗauke shi a ƙirji a nufi asibiti ko da tsakar dare ne, ko babban asibitin Kafancan da aka raɗa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ko na Saint Louis da ke Zonkwa, ko wanda ya fi kusa. Kuɗin mota da aka ajiye wa maijego a hannu don irin wannan dare ya fi shawul na biyu.

Masu tafiya da yaro da kansu, hanya ma dare ce mai fuska biyu. Motar da ta bar Ikko da yamma tana cikin zafi har ta wuce Badun, sanyi ba ya fara shigowa sosai sai an ƙetare Lakwaja an doshi Abuja da Keffi. Gara a sa wa yaro kaya marasa nauyi hawa-hawa, a riƙa ƙarawa, a bar fuskarsa a buɗe inda uwa ke ganinta, maimakon a naɗe shi tun daga tasha kamar ƙullin goro. Ranar komowa kuma a yi akasin haka. Kowace shekara a tsakiyar Janairu akan ga mata sun sauka a Agege da rana tsaka, kwalta na tururi, yaro a baya da hular ulu da safa da rigar saƙa har wuya, yana ta tsala kuka ana jijjiga shi, ana cewa baƙunta ce. Kakarsa ce ta shirya shi da asuba a Kafancan, kuma a can ta yi daidai. Tun a wajen Lakwaja ya kamata a tuɓe masa su, a ninke buhun, a sa a ƙasan jaka.